Awon Sama

Shekara talatin da ɗaya ina rataya buhu a Gujungu,
riɗi, zoɓo, wata shekarar gyaɗa.
Ƙugiya ta yi min kanta a tafin hannu.
In na tallabi buhu da gwiwa,
kafin allura ta daina rawa
na san abin da za ta faɗa.

Hansatu ta iso ran Asabar bayan isha'i,
ta ƙi tuwo, wai ta ci gurasa a mota.
Muka baje a tsakar gida, babu wata,
Kaza da 'ya'yanta na lilo a kan rumbu.
Na ce, wai wane karatu ne wannan,
gemuna ya yi fari bai ƙare ba?
Ta ce, Baba, sana'arka na gada.
Awo nake.

Can bayan waɗanda ido ke kamawa, in ji ta,
akwai biranen taurari,
su ma ba sa zaman kaɗaici, garke suke yi,
ɗaruruwa, suna kewaya juna a guje.
Gudun ya yi yawa, Baba.
Da nauyin da muke gani ne kaɗai ke riƙe da su
da tuni sun watse kamar kasuwar da ta ga hadari.
Ga su nan kuwa. Ko ɗaya bai ɓalle ba.

Na ce, buhu ya fi abin da aka zuba ke nan.
Ai wannan tsohon zance ne:
ko an cusa tsakuwa a gindi,
ko sikeli ya koyi ƙarya.
Ta tafa hannu har akuya ta zabura.
Kan wannan, in ji ta, malamanmu suka rabu gida biyu.
Wasu sun ce da kaya a buhun,
ba ya haske, ba ya taɓuwa.
Wasu sun ce dokar da ke jawo mangwaro ƙasa
in ta yi nisa da gida takan sake hali.

To a zazzage mana!
Ni in na yi shakka tabarma nake shimfiɗawa.
Ta ce, wa zai kwance bakin sama?
Sai dai a jira inda ta yage da kanta.

Ta kunna waya ta miƙo min:
ja-ja a tsakiya, shuɗi dama da hagu.
Garke biyu ne suka yi karo,
kamar shanun Arɗo Jauro da na Bammi a burtali.
Shanu sun ratsa juna sun wuce,
ƙurarsu ta tsaya tsakiya tana kokawa.
A can sama ƙurar ta fi shanun nauyi.
Da babu ɓoyayyen kaya
nan tsakiya sikeli zai rinjaya.
Sai ga nauyi ya bi shanu.

Da me kuka auna?
Ta ɗauki kofin shayina na gilashi ta kara a fitila,
harshen wuta ya lanƙwashe a gindinsa.
Haka haske ke yi in ya gifta abu mai nauyi.
Lanƙwasar nan ita ce allurarmu.

Na ce, shi ke nan, masu tsakuwa sun ci.
Ta ce, sun ci wannan kasuwar dai.
Tsakuwar har yau ba wanda ya damƙe ta,
'yan ɗaya gidan kuma ba su naɗe tabarma ba.
Ita garke arba'in aka ba ta,
ta auna sha tara.

Da asuba na riga kowa zuwa rumfa.
Na rataya dutsen gwaji,
ƙarfen kilo goma da marigayi Barau ya bar min.
Allura ta tsaya kan goma cif.
Na daɗe ina kallonta.
Shekara talatin da ɗaya
ban taɓa tambayar wanda ya auna dutsen ba.

Sai ga Ɗan'azumi da amalanke, buhu shida,
yana ta min sallama.
Na ce, bismillahi,
sauko da na farko.